Sharhi: Ɓarawon katalizer ba ya yanka sai ya san inda zai kai

Akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin mota wanda yawancin masu motoci ba su taɓa sunkuyawa sun dube shi ba, alhali ɓarayi sun san shi sarai, sun san kuɗinsa, sun kuma san wanda zai saye shi. Makanikanmu na ce masa katalizer. A ƙetaren iyaka, wajen Katsina da Kano, ana ce masa indomi, saboda abin da ke cikinsa ya yi kama da taliyar nan ta leda kafin a dafa ta. Yana jikin bututun hayaƙi, tsakanin inji da salansa, kuma girmansa bai wuce na babban burodi ba. Da zarto mai batir, minti biyu sun isa a raba shi da mota.

Mun san wata baiwar Allah da ke zaune gaban tirenta za ta ce: ni da ko keke ba ni da shi, ina ruwana da ƙarfen motar Alhaji? To Hajiya, da ruwanki har da tsaki. Motar da ke ɗauko miki buhunan albasa daga Galmi, ko tattasai daga Difa, in aka yi mata ɓarna, direba ba daga aljihunsa zai cire kuɗin gyara ba, a kan kowane buhu zai raba shi. Na biyu kuma, wanda ya fi wannan nauyi, ke ce mai wuni a bakin titi, da goyo a bayanki, kina shaƙar abin da motocin ke fitarwa tun daga safe har magariba.

Aikin katalizer ke nan, tace hayaƙi. Injin esansi yana fitar da guba iri uku. Akwai iskar nan marar wari da ke kashe mutanen da suka kwana da garwashi ko injin wuta a ɗaki rufe, akwai ragowar man da bai ƙone ba, akwai kuma wata iska mai cin huhu da tayar da ciwon fuka. A cikin katalizer an saka wani abu na tangaran mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe ramukan da wasu ƙarafa masu daraja guda uku: filatinom, faladiyom da rodiyom. In hayaƙi mai zafi ya ratsa ta cikinsu, sai kusan kashi 90 cikin 100 na gubar nan ta juye ta zama iskar da ba ta cutarwa kai tsaye. Amurka ta fara saka shi a motoci a 1975, Turai kuma ta wajabta shi ga sababbin motocin esansi daga 1993. Saboda haka tsofaffin 504 da makamantansu galibi ba su da shi, masu su na iya barci da munshari. Waɗanda aka ƙera bayan nan, su ne abin nema.

Ƙarafan nan uku su ne suka jawo masifar. Ƴan gram kaɗan ne a cikin kowane katalizer, to amma ƙasashen da ke haƙo su ba su da yawa: mafi yawan filatinom da rodiyom daga Afirka ta Kudu suke fitowa, faladiyom kuma Rasha ce kan gaba. A watan Maris na 2021 kuɗin rodiyom ya kai wajen dalar Amurka dubu 29 a kan awo ɗaya na gram 31. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. In aka juya shi zuwa sefa, gram ɗaya tak ya haura jika 500, ya ninka zinariya fiye da sau 15. Faladiyom shi ma ya wuce dalar Amurka dubu 3 a watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukren. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan tashi. A Amurka, ƙararrakin satar katalizer da aka kai wa kamfanonin asirans ba su kai dubu 4 ba a 2019, amma a 2022 sun haura dubu 64.

Abin da ya fi jan hankalinmu a labarin Amurka shi ne yadda hukuma ta ɓullo wa lamarin. A watan Nuwamba na 2022, ma'aikatar shari'ar ƙasar ta bayyana tuhumar mutum 21 a jihohi dabam-dabam, kuma manyan cikinsu ba masu rarrafe ƙarƙashin mota da dare ba ne. Masu saye ne, masu shago da takardu. Wani kamfani na jihar Niyu Jasi mai suna DG Auto an tuhume shi da sayen kayan satar, yana niƙa su, yana sayar da garin ga matatar ƙarafa, har na sama da dalar Amurka miliyon 545, wato fiye da miliyar 300 na sefa. Yaron da ya yanka ya samu na cefane, mai saye ya gina benaye. Daga 2023 satar ta ragu a can, saboda kuɗin ƙarafan sun faɗi, jihohi da yawa kuma sun ɗaure masu saye da dokoki. Sai dai kada kowa ya saki jiki, domin a 2025 kuɗin filatinom ya sake tashi sosai.

To mu fa? Mu a nan ba mu ƙera mota, sauran wasu muke saye, waɗanda ake saukewa a tashoshin ruwan Kwatano da Lome. Hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a watan Oktoba na 2020, inda ta ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyon 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Masu bincike na gwamnatin Holan da suka duba motocin da ke jiran jirgin ruwa a ƙasarsu sun tarar da wasu an riga an cire musu katalizer. Ke nan wata motar tun ba ta taka ƙasar Afirka ba aka yi mata fashi. Wadda ta tsira a can, tana da sauran hannuwa da za ta bi: filin ajiya na bakin ruwa, dillali, direban da zai koro ta kwana da kwanaki, sannan fakin ɗin da za a baje ta. Ɗan kasuwar da zai ƙwanƙwasa buhun gero, ya soka masa ƙarfe ya ga ƙwayar kafin ya biya, shi ne kuma zai ƙirga miliyon 4 ko 5 ya sayi mota don fentinta ya yi masa kyau, bai sa an leƙa ƙarƙashinta ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Leƙawar ba ta da wuya. A hau da motar kan rami, a sa makaniken da kai ka zo da shi, ba na mai sayarwa ba, ya duba. In an yanke katalizer an maye gurbinsa da bututu, ido ma zai gani. In kuwa an farka cikinsa an kwashe saƙar an mayar da kwanon, to za a ga sabon ɗinkin walda inda bai kamata ba, kuma in an ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar gwangwanin da babu kome ciki. Hayaƙin yakan yi wari mai hawa kai. Motocin da ba su tsufa sosai ba sukan kunna ƴar fitilar inji a gaban direba, shi ya sa ma ya kamata a lura ko fitilar na kamawa in an murɗa makulli, domin akwai masu kashe ta gaba ɗaya don kada ta tona asiri. In an tarar babu shi, ba dole a fasa ciniki ba, amma a rage kuɗin, kamar yadda ake rage wa buhun da bai cika ba.

Sai maganar gareji, inda muke ganin nan ne ɓarnar ta fi sauƙin aukuwa, da rana tsaka, wani lokaci ma da yardar mai motar. Mota ta rage ƙarfi, ba ta hawan tudu, sai a ce maka: Alhaji, katalizer ne ya toshe, a ƙasar nan ba shi da amfani, bari mu fasa mu zubar. Ka yi godiya, ka biya kuɗin aiki, ka tafi. Abin da aka ce za a zubar kuwa ba ya kai wa bola, ana jiran sa da sikeli.

A nan sai mu yi wa makanikai adalci, don mafi yawansu mutane ne masu cin guminsu, kuma gaskiya ne katalizer yana toshewa. To amma ba haka kawai yake toshewa ba. Injin da ke shan baƙin mai, ko buji da suka mutu suna barin ɗanyen esansi yana wucewa, ko gurɓataccen mai, su ne ke kashe shi. Wanda ya fasa katalizer bai gyara waɗannan ba, ya kashe maciji bai sare kansa ba. In kuma har ya mutu ɗin da gaske, gawarsa ma kuɗi ce, kuma ta mai motar ce. Matar da ta kai hatsi injin niƙa ba ta barin dussarta a can sai in ita ta ga dama. Saboda haka in ka kai mota gyara, ka faɗa a gaban shaida cewa ka san katalizer ɗinka na nan, ka ɗauki hotonsa da salula, kada a taɓa bututun hayaƙi sai kana tsaye ko yaronka na tsaye, kuma duk abin da aka cire a miƙo maka shi a hannu. Makaniken kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Game da masu zuwa da dare, sun fi son mota mai tsayi daga ƙasa, irin su Hilux da sauran kat-kat, don ba sai sun ɗaga ta ba. A Turai da Amurka sun addabi Toyota Prius, saboda ƙarafan da ke cikin nata sun fi yawa kuma ba su cika lalacewa ba. Maganinsu shi ne a ɓata musu lokaci. Mai walda zai iya ɗaura faranti na ƙarfe ko ya kewaye katalizer da rodi, ya kuma like kusoshin da ke riƙe da shi. A tuna masa ya cire kan batir kafin ya fara, kuma ya bar wa iska hanya, domin abin yana yin zafin da ya wuce digiri 400. Saboda wannan zafin ne ma bai kamata a tsayar da mota kan busasshiyar ciyawa ko harawa ba. A kwana da mota cikin gida in da hali, in babu a kai ta inda ke da haske da mai gadi. Dala ashirin ko arba'in ɗin da ake ba mai gadi ba asara ba ce. Direbobin da ke kwana a kasuwannin ƙauye su jera motocinsu kusa da juna, su yi kwanan karɓa-karɓa. Sannan a sa a zana lambar mota ko ta shasi a jikin kwanon, a shafa masa fenti mai jure zafi. Wannan ba ya hana zarto ci, amma yana sa kayan su yi wa mai saye nauyi, kuma in an kama su a komisariya ko wurin jandarma, akwai abin da za a gane mai su da shi.

Duk waɗannan dabaru ne na kare kai, kuma kowa ya yi nasa. To amma mu a ganinmu ba za su kashe sana'ar ba muddin akwai inda mutum zai shiga da katalizer a cikin buhu, a auna, a ba shi kuɗi, ba a tambaye shi ko sunansa ba. Ba wanda ke dafa katalizer ya ci, ba a kuma yin tukunya ko murhu da abin da ke cikinsa. Hanyarsa ɗaya ce: daga hannun mai yanka zuwa mai tarawa, daga nan a fitar da shi waje inda ake da matatun da ke iya tace shi. Hanya mai ƙofa ɗaya kuwa ba ta da wuyar tsarewa.

Ba muna cewa a taka sana'ar tsofaffin ƙarafa ba ne. Duk wanda ya shiga Katako a Yamai ya ga yadda ake mayar da abin da aka yar ya zama tukwane da kuloli da akwatuna, ya san sana'a ce mai ciyar da gidaje masu yawa. Masu wannan sana'a su ne ma ya kamata su fi kowa son a tsabtace ta, don kada ɓata-gari ƙalilan su shafa musu baƙin jini. Dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu ta riga ta tanadi horo ga mai karɓar kayan sata da saninsa, ba sai an jira sabuwa ba. Ingila ta yi doka a 2013 wadda ta tilasta wa masu sayen tsofaffin ƙarafa yankar lasisi da duba takardar shaidar mai sayarwa, ta kuma hana biya da tsabar kuɗi. Duk da haka satar katalizer ta yi tashin gwauron zabo a can tsakanin 2019 da 2021, domin masu saye ta bayan fage ba su daina ba sai da ƴan sanda suka bi su har rumbunansu. Doka a takarda, in ba mai zagayawa ya duba, ado ce.

Hana biya da tsabar kuɗi ba zai yiwu a kasuwanninmu ba, kowa ya san haka. Abin da zai yiwu shi ne littafi. Muna kira ga magadan gari na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai da su zauna da shugabannin masu sayen ƙarafa, da na makanikai, da sandikan direbobi, a tsaida cewa duk mai sayen katalizer sai ya rubuta ranar, da sunan wanda ya kawo, da lambar katinsa na ɗan ƙasa, da lambar motar da aka ciro shi. Wanda ya zo da guda biyar ba shi da gareji, ba shi da kart giriz ko ɗaya, a riƙe kayan a kira hukuma. Sandikan direbobi kuma su ware rana guda a kowace tasha, su kira mai walda da mai zana lamba, a yi wa motocin layi aikin gaba ɗaya a farashin sari, a rubuta lambobin a ajiye kwafi ɗaya a ofishin tasha, ɗaya a komisariyar unguwa.