DANDALIN 'YAN MATA: In Jami'a Ta Ƙi Ɗaukarki, Ga Inda Ake Kai Kuka

   

Na san da yawanku kuna jiran ci gaban zancen kayan lefe, to amma ku ɗan yi haƙuri zuwa fitowa ta gaba, domin wasiƙun da suka taru a gabana wannan karo kukansu kusan iri ɗaya ne: "Anti, na ci jarrabawa, makina ya kai, ƙawayena duk sunansu ya fito, ni kuwa shiru." Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na san abin da wannan shirun ke nufi a gidajenmu. Namiji in bai samu bana ba, sai a ce ya jira baɗi. Mace kuwa sau da yawa dama ɗaya tak ake ba ta, in ta kuɓuce sai ki ji Baba ya ce, "To ai shi ke nan, a faɗa wa yaron nan ya turo magabatansa." Ba aure nake kushewa ba, wa ya isa? Amma akwai bambanci tsakanin yarinyar da ta ajiye karatu don ranta ya so, da wadda aka rufe wa ƙofa saboda wani ɗan kuskure a takarda, wanda da ta bincika da an gyara cikin mako guda.

Don haka share hawayenki ki matso kusa, mu yi magana.

Da farko ki fahimci yadda abin yake tafiya, don rashin sani ya fi dare duhu. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar UTME, darussa huɗu, maki 400. Daga 2017 ta fito da tsarin da ake kira CAPS a intanet. Jami'a ce ke zaɓar ɗalibanta ta tura sunayensu, JAMB ta duba ta amince, sannan ke kuma ki shiga shafinki ki danna cewa kin karɓa. Kin ga ke nan hannu uku ne a cikin tuwon, kuma a kowane ɗaya abu na iya tsayawa.

Sannan cin jarrabawa daban, samun gurbi daban. A 2025 an tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙarancin abin da jami'a za ta karɓa, amma wannan ƙofar waje ce kawai. Kowace jami'a tana da nata makin, kowane sashe ma yana da nasa, kuma da yawansu sai sun haɗa da sakamakon tasu tantancewar, wato Post-UTME. Fannoni irin su likitanci, aikin jinya da lauya kuwa akwai adadin ɗaliban da hukumomin sana'ar suka ƙayyade wa kowace jami'a, ba ta da ikon wuce shi ko da 'yar shugabanta ce ta nema. A jami'o'in tarayya kuma tsarin da aka daɗe ana bi shi ne, kashi 45 cikin ɗari na guraben a ba waɗanda suka fi maki daga ko'ina a ƙasar nan, kashi 35 a ba 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma a ba jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, irin su Jigawa, Yobe, Zamfara, Kebbi da Sakkwato. Shi ya sa za ki ga ƙawarki da kika ɗara da maki goma ta samu, ke ba ki samu ba. Ba lallai zalunci ba ne, mai yiwuwa layinku ne ba ɗaya ba.

To, ruwa ba ya tsami banza. Kafin ki ɗauki biro ki rubuta koke, ki zauna ki binciki kanki da tambayoyin nan.

Shin sakamakonki na WAEC ko NECO yana kan shafinki na JAMB? Wannan shi ne ramin da ya fi cinye 'yan mata. Yarinya ta cike fam tun sakamakonta bai fito ba, ya fito daga baya, ta yi murna, ta kai wa Baba ya sa albarka, ta adana shi a ƙasan akwati. Ita kuwa na'ura a wurinta har gobe ba ki da sakamako, don haka jami'a ba za ta iya tura sunanki ba. 'Yar maƙwabciyata haka ta yi wata biyu tana rama, ko abinci ba ta iya ci, tana cewa an sayar da gurbinta. Da na sa yayanta ya raka ta cibiyar CBT da JAMB ta amince da ita, sai aka tarar wurin sakamakon fayau yake. Aka ɗora, ta rubuta wa jami'ar takarda, sunanta ya fito a jeri na gaba.

Shin kina da kiredit biyar har da Turanci, da kuma Lissafi in fanninki na buƙatarsa, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba? Wasu manyan fannonin ma a wasu jami'o'i zama ɗaya suke so. Shin darussan da kika rubuta a UTME su ne fannin ke buƙata? Mai son likitanci dole ta haɗa Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son lauya kuwa ba ta tsira sai da Adabin Turanci. Shin jami'ar ce zaɓinki na farko? Yawancin manyan jami'o'i ba sa waiwayar wanda ya sa su a na biyu. Shin sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a NIN da JAMB da takardar sakandare? Ki duba da kyau, kada a nan ki zama A'isha, a can Aishatu, a wani wurin kuma an juya sunan mahaifi ya koma gaba. Shin shekarunki sun kai 16? Sannan ki duba shafin CAPS ɗinki, domin wani lokaci jami'a takan yi miki tayin wani fannin daban, tana jiran amincewarki, ke kuwa kina gida kina kuka ba ki sani ba.

In kin gano matsalar daga wajenki take, maza ki je ki gyara, ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa komai naki daidai yake, makinki ya kai na sashen, kuma kina da dalilin ganin an tsallake ki, to yanzu ne lokacin kai kuka, kuma haƙƙinki ne, ba roƙo ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne.

Ƙofa ta farko ita ce jami'ar kanta. Ki rubuta takarda zuwa ga Magatakardan jami'a, wato Rijistara, ta hannun jami'in ɗaukar ɗalibai. Da Turanci za ki rubuta, mai sauƙi, kada ta wuce shafi ɗaya. Ki sa cikakken sunanki, lambar rijistarki ta JAMB, fannin da kika nema, makinki na UTME da na tantancewa, jiharki da ƙaramar hukumarki. Sai ki faɗi abin da ya faru cikin layi uku ko huɗu, sannan ki faɗi abin da kike so a yi miki a fili: a sake duba takardunki, in kuma fannin ya cika, kin yarda a ba ki wani da ya dace da darussanki. Wannan jimla ta ƙarshe tana da amfani ƙwarai, domin tana ba su hanyar taimaka miki. Wadda ba ta samu likitanci ba tana iya samun Bayokemistiri ko Maikurobayoloji, wadda ba ta samu lauya ba tana iya samun Kimiyyar Siyasa ko Turanci.

Don Allah, ƙanwata, takardar koke ba wasiƙar soyayya ba ce. Ban da "zuciyata ta karaya", ban da labarin yadda kika kwana kina juyi a gado. Ban da zagi, ban da cewa an ci hanci alhali ba ki da shaida. Wanda zai karanta takardar ɗaruruwa ne irinta a teburinsa, wadda ta zo da lambobi da hujja ita zai ɗauka. Ki haɗa da kwafin sakamakon UTME, na WAEC ko NECO, na tantancewa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Kwafi na ce, na asali ya zauna a gida. Ki yi takardar biyu, ki miƙa ɗaya, ki roƙi ma'aikacin ya buga miki hatimi da kwanan wata a ɗayar ki riƙe. Kuma ki tafi da yayanki ko ƙanin Baba ko wata babbar mace, a lokacin aiki, a cikin ofis.

Ƙofa ta biyu ita ce JAMB. Tana da wurin shigar da koke a shafinta na intanet, inda za ki rubuta matsalarki a ba ki lamba ki riƙa bibiya, tana kuma da ofishi a jihohi. Tun da duk makin masu neman fanni ɗaya yana gabanta a CAPS, tana iya ganin ko an tsallake mai maki sama an ɗauki na ƙasa a layi ɗaya, ta kuma tambayi jami'a dalili. In duk kin bi waɗannan ba a saurare ki ba, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofishi a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo.

Kada ki ce wa zai saurari 'yar talaka. A watan Mayu na 2025, da sakamakon UTME ya fito, ɗalibai da iyaye suka yi ta kuka cewa makin da aka ba su bai yi kama da ƙoƙarinsu ba. Aka bincika, sai ga magatakardan hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Da kowa ya ja bakinsa ya ce ƙaddara ce, da shi ke nan an wuce wurin.

Yanzu ga gargaɗi, ki buɗe kunne da kyau. A irin wannan lokaci ne kuraye ke fitowa da fatar akuya. Wani zai ce yana da hanya, ki kawo kuɗi kaza. Wani zai ce zai ƙara miki maki a kwamfuta. Mafi muni shi ne wanda zai ce ba ya son kuɗinki, ki dai same shi a wani wuri da yamma "ku tattauna". Ki tofar da yawu ki bar wurin, ki kuma faɗa wa Mama. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, kina iya shekara huɗu kina wahala, ranar tafiya bautar ƙasa a ce babu sunanki. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Lambobin sirrinki na JAMB kuwa ki riƙe su kamar yadda kike riƙe sirrin zuciyarki, ko saurayinki ba ya buƙatarsu.

To in an duba an ce lallai gurbi ya cika fa? In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Sakamakon UTME na shekararsa ne kawai, don haka kada ki bari ya mutu a hannunki. Kina iya zuwa cibiyar CBT ki canza fanni ko ki canza makaranta zuwa wadda ba ta cika cunkoso ba. Ba Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo ne kaɗai jami'o'i ba, akwai ta tarayya a Dutse da Dutsin-Ma da Gusau da Gashuwa, ga kuma na jihohi. Akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, wanda in kin ci da kyau za ki nemi shiga aji biyu kai tsaye. Mai NCE ko difloma ma tana da wannan hanyar. Wadda kuma aure ya riga ya zo mata, ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana ɗakinta tana karatunta.

Saura zancen Baba. Kada ki tunkare shi da kuka ko kumbure-kumbure, wannan ba ya sa dattijo ya canza magana. Ki fara shawo kan Mama, ko Gwaggo, ko wani kawu da Baba ke jin nauyinsa. Sannan ki durƙusa ki nuna masa takardar nan mai hatimi, ki ce, "Baba, ga abin da ya tsayar da ni, ga inda na kai kuka, ina roƙon a ƙara mini lokaci zuwa fitowar jeri na ƙarshe." Uba in ya ga 'yarsa ta san abin da take yi, zuciyarsa takan yi sanyi. Shi kuma mai zuwa zance da yamma, wannan ce ranar gane shi. Wanda ya ji ba ki samu ba ya hau murna yana cewa "dama na faɗa miki", ki sa masa ido. Wanda ya ce "kawo lambar mu je a duba", ko ya yarda a rubuta sharaɗin ci gaba da karatunki a gaban manya, to wannan ya san darajarki.

Mai nema yana tare da samu. Wadda ta bi matakan nan ta rubuto mini yadda ta kaya, domin 'yan'uwanta su ƙaru. Allah Ya ba ku gurbi mai albarka, Ya haɗa ku da abokan zama nagari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan akwatunan lefe.

Taku har kullum,
Antinku.