Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Makanikai Masu Aikin Ƙafar Bayan Mota

Zuwa ga iyayen gidan gareji, tun daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, da yaran da ke koyon aiki a hannunsu.

Maƙasudin wannan wasiƙa wata buƙata ce da kowane makanike ya saba ji. Direban Golf ko Sharan zai shigo ya ce, "Oga, a ɗaga min bayanta, zaunawa take yi in na yi lodi." Wani kuma matashi ne mai son motarsa ta riƙa shan kwana ba tangaɗi, shi so yake a sauke ta, a sa mata sifirin mai tauri. Dukkansu ƙafar baya suke so a taɓa, kuma aikin awa biyu a wannan wuri yana iya sauya halin mota ɗungurungum.

Tayoyin gaba ne ke juya mota, na baya kuma su ke tsare ta a kan layinta. In gaba ya sulɓe a kwana, motar takan miƙe, direba ya sassauta totur ta dawo hanya. In baya ne ya sulɓe, gindin motar ne zai zagayo ya wuce kanta, kuma direbobin da ke iya ceto wannan a guje ba su da yawa. Ga kuma abin da ake yawan mantawa: ɓangaren da aka fi taurarawa shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka na nauyin da ke rinjaya gefe guda a kwana, shi ne kuma ke fara sakin kwalta. Makaniken da ya taurara baya kaɗai ya bar gaba yadda yake, ya koya wa motar wurgi da gindi.

Manyan kamfanoni ma sun ƙone hannu a nan. A 1997 ƙaramar Mercedes A-Class ta kife a hannun 'yan jaridar wata mujallar motoci ta Suwidin, yayin gwajin kauce wa dabba a kan titi. Sai da kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya rage mata tsayi, ya sake tsarin ƙafafunta, ya ƙara mata na'urar da ke kama birkin taya ɗaya-ɗaya in mota ta fara zamewa.

Amma misalin da ya fi kusa da gida shi ne Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Tsofaffin makanikai sun san cewa a salun ɗinta ta asali kowace tayar baya tana motsi ita kaɗai a kan hannunta. Da kamfanin ya zo yin wagon mai ɗaukar kaya da fasinja, sai ya sa mata miƙaƙƙen aksil guda, ya ɗora shi a kan sifirin huɗu, ya kuma ƙara santimita 16 a tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Akori-kurarta kuwa sifirin mai falle-falle aka ba ta. Suna ɗaya, ƙafar baya iri uku, kowace da nauyin da aka auna mata. Ba wanda ya ɗauko sifirin wata mota ya cusa.

Kafin a yi maganar ƙari, a fara duba abin da ya mutu. Sifirin ke ɗaukar nauyi, aikin shokazoba kuma shi ne ya kashe lilon da sifirin ke yi bayan an faɗa rami. Motar da ke rawa da gindi sau da yawa ba ta buƙatar komai sai shokazoba mai rai da sabon bushin. Mai yana tsiyaya a jikin shokazoba? Taya ta cinye tudu-da-kwari? An danna bayan motar ta ci gaba da lilo? To an gano ciwon. A canja biyu tare, hagu da dama, iri ɗaya. Na gwanjo yana da arha, sai dai ba wanda ya san tafiyar da ya riga ya yi kafin ya iso kasuwa. Kuma kada a ɗaure notin bushin tamau motar tana kan jak; a bari ta sauka ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta kasance a murɗe kullum, ta yage da wuri.

Akwai ayyukan da bai kamata a sake ganinsu a gareji ba. Kai sifirin wurin mai walda yana kashe ƙarfen, domin wuta tana warware horon da aka yi masa a masana'anta. Cusa guntun tsohuwar taya ko katako a tsakanin zobban sifirin yana hana shi lanƙwasa yadda aka tsara. Yanke zobe ɗaya don mota ta sauka yana ƙara masa tauri, ya kuma rage masa filin motsi.

Sai maganar birki, wadda ita ce ta fi tayar da hankalin mai wannan wasiƙa. Motoci da dama da ba su da ABS, irin tsofaffin Golf da Hiace da Hilux, suna da wani ɗan bawul a ƙarƙashin bodi, an haɗa shi da ƙafar baya da ɗan sanda ko siririn sifirin. Zaman motar yake aunawa. In baya ya sauka, ya san an yi lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. In ya tashi, ya rage. Ranar da aka ɗaga bayan ko aka ƙara falle, bawul ɗin zai ɗauka motar wayam take alhali buhunan masara ne a ciki, sai birkin gaba ya riƙa ɗaukar wahalar shi kaɗai har ya yi zafi a gangara. In kuma sauke ta aka yi, tayoyin baya ne za su riƙa ƙullewa tun kafin na gaba. Duk wanda ya sauya tsayin mota, wajibi ne ya sake saita wannan bawul.

Sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara wa taya ƙarfi. Lamba 91 da ke jikin taya mai girman 195/65 R15 na nufin kilo 615 ne iyakarta, kuma akwai 'yar farantin da kamfani ya manna a jikin bodi mai nuna nauyin da kowane aksil zai ɗauka. Direba ba zai so jin wannan ba, amma daga bakin ogan da ya amince da shi ya fi saurin shiga kunne. In tayoyi biyu kaɗai zai iya saya, sababbin su tafi baya.

Motoci irin Peugeot 406, masu hannuwa da yawa a ƙafar baya, sai an kai su alaimen na ƙafa huɗu bayan kowane irin wannan aiki. Sannan oga da kansa ya fita da motar kafin ya miƙa makulli: sau ɗaya wayam, sau ɗaya da buhun siminti huɗu a but, kilo 200 ke nan, a kan hanyar da ba jama'a. Ya taka birki, ya sha kwana a hankali, ya ƙara gudu kaɗan-kaɗan, mai motar yana zaune a gefensa yana jin abin da ya canja.

Allah ya yi wa sana'a albarka.