Alƙalamin TDS ba ya ganin abin da ke kashe tarwaɗa a tanki

Wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami ta shiga hannun masu kiwon kifi da yawa a Arewa. Ana tsoma bakinta a ruwa, lamba ta fito a ɗan gilashinta, mai tanki ya duba ya ce ruwansa lafiya lau. Sunanta mitar TDS, ba ta da tsada, kuma masu talla a Facebook da TikTok suna sayar da ita da sunan "na'urar gwada ingancin ruwa". Wannan suna shi ne matsalar, domin ga mai kiwon tarwaɗa, kusan duk abin da zai kashe masa kifi wannan alƙalami ba ya ganinsa.

A ɗauki misalin matashi a Tsaskiya, cikin ƙaramar hukumar Safana. Rashin tsaro a yankin dajin Rugu ya sa zuwa gona mai nisa ya zama kasada, a Safana da Batsari baki ɗaya, don haka sana'ar da za a yi a cikin gida tana da daraja ta musamman. Ya haɗa kuɗi ya kafa tankin tamfol mai cin lita 3,000 a bayan ɗaki, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, yana ɗebo ruwa daga rijiyar burtsatse. Bayan wasu makonni kifin suka rage cin abinci, suna rataye a saman ruwa, kullum da safe sai ya tsame matattu. Ya tsoma alƙalami, lambar ba ta yi nisa da ta jiya ba. Sai ya yanke hukuncin cuta ce, ya nufi kemis ya sayo ja-da-yalo ya farfasa a ruwa. Jarin da ya tara da kyar yana narkewa, kuma na'urar da ya amince da ita ce ta kawar masa da kai daga inda ɓarnar take.

Abin da mitar TDS ke aunawa shi ne yadda ruwa ke ɗaukar wutar lantarki, daga nan ta ƙiyasta yawan gishiri da ma'adanan da suka narke a ciki. Ba ta bambance wannan da wancan. Ruwan burtsatse na iya nuna 300 tun daga famfo, alhali miligiram biyu ko uku na amoniya a lita ɗaya sun isa su jikkata kifi idan yanayi ya ba su dama. Biyu a cikin 300 ba abin da ido zai kama ba ne, balle a na'ura mai araha da lambarta ke rawa da kanta.

Ita kuwa amoniya daga abincin kifin take fitowa. Abincin tarwaɗa yana da furotin mai yawa, kuma ƙiyasin da masana kiwon kifi ke aiki da shi shi ne kowane kilo ɗaya na abinci yana barin kusan giram 30 na amoniya a ruwa. A tankin lita 3,000, kilo ɗaya a rana yana nufin kusan miligiram 10 a kowace lita, idan ba a canza ruwa ba kuma babu matattarar da ƙwayoyin bakteriya ke cinye ta. Sannan illarta ba a tsaye take ba, tana bin ma'aunin pH da zafin ruwa. A zafin digiri 28, idan pH yana 7, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na amoniyar ne ke cikin siffar da ke zama guba. Idan ya hau 8, ya kai kashi 6 zuwa 7. A 9 kuwa kusan kashi 40 ne. Ke nan tanki biyu masu amoniya daidai wa daida, ɗaya kifinsa na wasa, ɗaya na mutuwa. Tankin da rana ke duka har ruwansa ya yi kore shar, pH ɗinsa yana hawa da la'asar, daidai lokacin da zafin bazara ya fi tsanani.

A nan akwai darasi daga wata sana'a da ta yi nisa da Katsina. A Turai da Amurka da Japan akwai masu ajiye murjani mai rai a akwatin gilashi cikin falo, da ruwan gishiri irin na teku. Murjanin da aka sani a wuyan mata ƙashin wata halitta ce ta teku, kuma danginta da ake ajiyewa a gida ba su da haƙuri ko kaɗan. Masu wannan sha'awa suna riƙe gishiri a kusan giram 35 cikin lita, zafi wajen digiri 25 zuwa 26, sinadarin kalsiyam tsakanin 400 da 450. Idan zafi ya haura na wasu makonni, murjani yana korar 'yan ƙananan tsiran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, ya koma fari fat, irin abin da ya faru da babban tudun murjani na gabar Ostareliya a 2016 da 2017. Waɗannan mutane suna da kuɗin sayen na'urori irin su Apex na kamfanin Neptune Systems, mai aiko da saƙo a waya idan wani abu ya goce, da ƙananan mitocin Hanna. Duk da haka mitar TDS a wajensu aiki ɗaya take yi: duba ko ruwan da aka tace ya fita tas kafin a zuba masa gishiri. Babu mai tsoma ta a tanki ya ce ya san lafiyar murjaninsa. Kuma idan abu ya lalace, ƙa'idarsu ita ce a auna tukuna, a canza abu ɗaya kawai, a jira a gani, domin gyaran gaggawa ya fi kashe dabba fiye da lambar da ta ɗan kauce.

Tarwaɗa ta fi murjani juriya nesa ba kusa ba, har iska take shaƙa daga sama, kuma wannan juriyar ce ke ruɗin masu ita. Babba zai jure ruwan da ya lalace na kwanaki, yana cin abinci ba ya ƙara nauyi, mai shi yana asara bai sani ba. Ƙananan da gaɓar shaƙar iskarsu ba ta gama ƙwari ba su ne ke fara zubewa, musamman da asuba lokacin da iskar oksijin ta fi ƙaranci a ruwa. Ruwan burtsatse ma yakan fito da ƙarancin oksijin, shi ya sa ya fi kyau a watsa shi daga sama ko a bar shi ya sha iska kafin ya shiga tanki.

Abin da ya cancanci kuɗin mai tanki bai kai alƙalamin kyan gani ba. Kwalaben gwaji ne masu ɗigo, irin na kamfanin API, da ke nuna amoniya da naitirait da pH ta hanyar canza launi, sai ma'aunin zafi na gilashi, sai littafi da biro. Naitirait ita ce ke mayar da jinin kifi ruwan ƙasa ta hana shi ɗaukar oksijin, kuma gishirin girki marar haɗi yana rage illarta, amma sai an san ita ce kafin a zuba. Ma'aunin zafi kuwa a hunturu yake biyan kuɗinsa: ruwa ya yi sanyi, kifi ya rage ci, mai tanki ya ci gaba da zuba abinci kamar da, ragowar ta ruɓe a ƙasa. Alƙalamin pH na lantarki yana da amfani, da sharaɗin ana saita shi da ruwan saiti na 4 da na 7, kuma ba a bar bakinsa ya bushe ba. Wanda aka jefa a aljihu wata uku ƙarya zai riƙa faɗa da lambobi masu kyau.

Tsofaffin masu kiwo za su ce ido da hanci sun ishe su, kuma suna da gaskiya rabi. Wari da kumfa da yadda kifi ke karɓar abinci alamu ne na ƙwarai, sai dai suna zuwa ne bayan ɓarna ta fara. Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na tsada da nisa: kwalaben nan sai an aika Kano ko an yi oda, suna da ranar lalacewa, zafin ɗaki kuma yana rage musu kwana. Amsar wannan ita ce mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi saiti ɗaya, tunda gwaji sau biyu a mako ya wadatar, da ma mutum ɗaya ba zai ƙarar da shi kafin ya lalace ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, tana koyar da kiwon kifi, kuma koya wa irin waɗannan ƙungiyoyi karanta launin kwalba aikin yini ɗaya ne ga ɗalibanta.

Su kuwa na'urorin da ke aiko da rahoto ta manhajar waya, masu son kawo su yankin su tuna da watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Safana da Batsari, aka shafe watanni babu sabis. Duk na'urar da za a sayar wa mai tanki a Tsaskiya, ya kamata ta iya nuna sakamakonta a jikinta, da batir ko da sola, ko da intanet ko babu.