Baba Mutuniyar Karo: Ba Ta Haifa Ba, Amma Ta Zama Uwar Gari

 

A wannan wata zancenmu a kan wata tsohuwa ne da ta rasu a garin Giwa ta ƙasar Zazzau a shekarar 1951, tana da shekara kamar 74 a duniya. Ba ta riƙe sarauta ba, ba ta tara dukiya ba, kuma ba ta taɓa zama a ajin boko ba. Duk da haka, har gobe ɗaliban jami'a a ƙasashe da dama suna karanta labarinta in suna son sanin yadda matan Hausawa suka rayu a da. Sunanta Baba, kuma da sunan ƙauyensu, Karo, aka fi saninta.

An haifi Baba wajen 1877 a Karo, kusa da Zarewa, can kudu maso yammacin ƙasar Kano, dab da iyakar Zazzau. Asalin gidansu Barebari ne, mahaifinta manomi ne kuma malamin allo. Ta tashi a zamanin da fita bayan ganuwa ma sai an yi shahada, domin mahara suna kame mutane a gona ko a kan hanya su sayar. Cikin danginta akwai matan da aka kama, sai da aka tara wuri mai yawan gaske kafin a fanso su. Su kansu kuma suna da bayi masu yi musu noma a rinji. Tana da shekara ashirin da 'yan kai Turawa suka shiga Zariya a 1902, suka ci Kano a 1903. A gaban idonta aka daina hari, bayi suka kama gabansu, wuri ya ba kuɗin Bature hanya. Wato mace ɗaya ta ga duniya biyu, ta kuma san daɗi da ɗacin kowacce.

Sau huɗu Baba ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba ko sau ɗaya. Kowa ya san abin da wannan ke jawo wa mace a cikinmu: habaicin kishiya, gorin dangin miji, da tsoron wa zai dube ta in ƙarfi ya ƙare. Mata da yawa wannan baƙin ciki ya karya su. Ita kuwa Baba sai ta riƙi maganar nan ta Hausawa cewa ɗa na kowa ne. Ta karɓi riƙon 'ya'yan dangi, ta goya, ta yaye, ta yi musu tarbiyya, ta tsaya a kan aurensu kamar ita ta haife su. Ta riƙe ƙawayenta na ƙuruciya har tsufa, tana kai gudummawa ranar biki, tana zaman makoki ranar rashi. Da girma ya zo kuma ta zama ungozoma.

Yaran yanzu da aka haifa a asibiti ba lalle su san nauyin wannan aiki ba. Ungozoma ita ake tasa ko da tsakar dare, ko ana ruwa. Ita ke yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka, ta gasa masa cibi, ta lura da mai jego har a yi suna, wani lokaci har a yi arba'in. Ladanta ɗan hatsi ne da kason naman ragon suna da abin da maigida ya sawwaƙa. Amma kuma tana shiga kowane gida ba a yi mata shamaki. Ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, ta san amaryar da ke kuka a ɓoye, ta san mijin da ya kamata a kai ƙararsa wurin manya. Sau da yawa ita ke kashe wutar rigima tun tana hayaƙi, alkali ma bai ji labari ba.

Kada a ce ina kiran a koma haihuwa a ɗaka. Likitoci a Zariya sun daɗe da nuna cewa wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da yawan shan kunun kanwa, suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Awon ciki da haihuwa a hannun ma'aikatan jinya sun ceci rayuka masu yawa, kuma wajibi ne mu tura matanmu. Sai dai ma'aikaciyar jinya tana tashi daga aiki in lokacinta ya cika, ba za ta biyo mai jego gida ta ga ko ta ci abinci ba. Wannan rabin aikin na ungozoma har yanzu yana nan, mai yinsa ne ke ƙaranci.

To, yaya aka yi labarin Baba bai bi ta kabari ba? Wani masani ɗan ƙasar Jamaika, M. G. Smith, ya zo nazarin zaman jama'ar Zazzau tare da matarsa Mary Smith. Shi namiji ba ya shiga cikin gida, ita kuwa matar tana shiga, kuma ta iya Hausa. Nan ta haɗu da Baba, jininsu ya haɗu. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, mako shida, Baba tana faɗa Mary tana rubutawa. Littafin ya fito da Turanci a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, shekara uku bayan rasuwarta. Ba ta gan shi ba. Da a ce baƙuwar nan ta yi jinkirin shekara biyu kacal, da babu abin da za mu sani game da ita yau.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, babu zangon da ba shi da irin Baba. Ku duba Kumasi, ku duba Nima da Sabon Zango a Akra, ku duba Salaga da Tamale. Akwai magajiya mai haɗa mata in an yi rasuwa, akwai mai wankan gawar mata, akwai uwar adashi da ba a taɓa jin ta ci kuɗin kowa ba, akwai mai sayar da koko da ke ciyar da marayu uku da ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Su ne suka san daga wane gari kakanninmu suka taso da fataucin goro, wa ya sauki wa, wane gida ya haɗa jini da wane. Ranar da ɗayarsu ta rasu, sai mu cika masallaci, mu yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, bayan shekara goma jikokin da ta yanke wa cibiya ba su san sunanta na yanka ba.

Shawarata biyu ce. Ta farko ga 'yan uwana malaman makaranta, na boko da na Islamiyya: in hutu ya zo, a ba kowane yaro aikin ya je ya durƙusa gaban kakarsa ko wata tsohuwar unguwa, ya ce, "Iya, ba ni labarin garinku da aurenki da sana'arki," ya rubuta da Hausa, ko da boko ko da ajami. Wanda gidansu ke da wayar salula ya ɗauki muryarta. A tara a ajiye a makaranta. Abin da Mary Smith ta yi da alƙalami da takarda bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba, in an nuna masa hanya.

Ta biyu ga masu unguwa da limamai da ƙungiyoyin matasa: kada a jira ranar jana'iza kafin a yabi waɗannan bayin Allah. A san wace ce ba ta da ɗa mai ɗauke mata kuɗin magani, wace ce ɗakinta ke yoyo da damina. Wadda ta yi shekara hamsin tana tashi da dare saboda 'ya'yan wasu ta cancanci a ƙwanƙwasa ƙofarta da safe a ce, "Hajiya, kin tashi lafiya?" Kuma a tura 'yan mata su riƙa raka su, domin aikin zumunci da ƙafa ake koyonsa.

Allah ya jiƙan Baba da sauran iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba waɗanda ke raye lafiya da kyakkyawan ƙarshe. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.