Ɗaukaka ƙara ba hujjar bijire wa hukuncin kotu ba ce

A duk lokacin da wani ɗan ƙasa ya kayar da gwamnatin tarayya a kotu, amsar da aka saba ji daga bakin jami'anta ita ce, gwamnati ta ɗaukaka ƙara. Daga nan sai magana ta bi ruwa, tamkar shigar da takardar ya shafe hukuncin da alƙali ya yanke. Dokar Najeriya ba ta ce haka ba, kuma yana da kyau jama'a su san abin da ta tanada.

Yawancin ƙararrakin da ake kai gwamnatin tarayya da hukumominta suna farawa ne daga Babbar Kotun Tarayya, kamar yadda sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tsara. Wanda bai gamsu da hukunci ba, talaka ne ko gwamnati, yana da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Yana da wata 3 ya shigar da takardarsa idan hukuncin ƙarshe ne, ko kwana 14 idan umarni ne da aka bayar ana tsakiyar shari'a.

Bayan haka, magatakardan kotun farko yana da kwana 60 ya haɗa kundin shari'ar ya aika. Mai ɗaukaka ƙara zai rubuta hujjojinsa cikin kwana 45, ɗaya ɓangaren kuma ya mayar da martani cikin kwana 30. Alƙalai aƙalla 3 ne za su zauna. Ba kasafai suke sake kiran shaidu ba. Aikinsu shi ne su duba ko alƙalin farko ya yi kuskure wajen fassara doka ko auna hujja. Wanda har yanzu bai gamsu ba sai ya nufi Kotun Ƙoli, inda magana take ƙarewa.

A duk tsawon wannan tafiya, hukuncin farko yana nan daram. Sashe na 17 na dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya fayyace cewa ɗaukaka ƙara ba ya dakatar da aiwatar da hukunci. Mai son a dakatar dole ne ya roƙi kotu da takarda ta daban, kuma kotu na iya amincewa ko ta ƙi.

Gwamnati ta san wannan hanya sarai. A watan Agustan 2021, Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta ce jihar Ribas ce ke da ikon karɓar harajin VAT a cikin jihar, ba hukumar FIRS ba. Hukumar ta nemi a dakatar da hukuncin, kotun ta ƙi. Sai ta garzaya Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda a watan Satumba ta umarci kowa ya tsaya inda yake. Da yake batun kuɗin shiga ne, an bi ƙa'ida mataki-mataki, cikin makonni kaɗan.

Ba haka aka yi ba a shari'ar Sheikh Ibrahim El-Zakzaky. A ranar 2 ga Disamban 2016, Mai shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya umarci a sake shi da matarsa cikin kwana 45, a kuma biya su diyyar naira miliyan 50. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ta ci gaba da tsare su. Ba su samu 'yanci ba sai a watan Yulin 2021, lokacin da Babbar Kotun Jihar Kaduna ta sallame su a wata shari'ar daban. Ko mene ne ra'ayin mutum game da malamin da ƙungiyarsa, tambayar da ke gaban kowa ita ce: idan umarnin alƙali bai isa ya buɗe ƙofar wurin tsarewa ba, me zai kare ɗan kasuwa ko ɗan fansho gobe?

Kotun Ƙoli ta daɗe da raba gardama. A 1986, zamanin mulkin soja, ta ƙi biya wa gwamnatin jihar Legas buƙatarta a shari'arta da Odumegwu Ojukwu, saboda gwamnatin ta zo neman sassauci alhali tana taka umarnin kotu. Sashe na 287 na tsarin mulki ma ya wajabta wa dukkan hukumomi da mutane aiwatar da hukuncin kotuna. Bai ware gwamnatin tarayya ba.

Jinkiri kuma yana ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Shari'a kan shafe shekaru tsakanin kotun farko da Kotun Ƙoli. Gwamnati tana biyan lauyoyinta daga baitulmali, shi kuwa talaka sai ya sayar da gona ko ya ci bashi. Ko ya yi nasara, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunce-hukunce ya ce sai da amincewar Babban Lauyan Gwamnati kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, wato sai an nemi izini daga lauyan wanda ake bi bashi.

Gyaran ba shi da wahalar ganewa. Ofishin Babban Lauyan Tarayya ya riƙa tantance shari'un da suka cancanci ɗaukakawa, ya daina bari ana amfani da hanyar don jan lokaci. Alƙalai su ƙi sauraron hukumar da ta zo gabansu tana saɓa wa umarnin da ba a dakatar ba. Majalisar Dokoki ta Ƙasa kuma ta sake duba sashe na 84. Gwamnatin da ke buƙatar 'yan ƙasa su mutunta kotu, ita ya kamata a fara gani tana yin biyayya a ranar da hukunci bai yi mata daɗi ba.