Shawarar Wata: Bindiga da jirgi don farautar agwagin tabki

Hatsi ya shiga rumbu, tabkuna sun cika, tsuntsayen ruwa sun sauka. Yanzu ne mai ɗan kuɗin albasa ko na wake yake tunanin sayen bindiga. Kafin ku kwance lalita, ga shawara.

Mu fara da tsuntsayen. Kirinjijiya da ɗinya ƴan gida ne, nan Afirka suke yin ƙwai da damina. Amma akwai ƙananan agwagi baƙi masu zuwa daga Turai da Rasha. Suna ƙetare hamada wajen watan Oktoba, su koma wajen watan Maris. Saboda irin waɗannan tsuntsaye ne aka sa tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi, cikin jahar Tawa, a jerin wuraren ruwa da duniya take kiyayewa, a shekarar 2005.

Takarda ita ce gaba da bindiga. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afirilu 1998 ta hana farauta ba da takardar izini ba. Ta hana farautar dare, da fitila ko babu. Ta hana guba, da bindigar soja, da farauta a lokacin da aka rufe ta. Riƙon bindiga ma yana da tasa takarda dabam. Ku je wurin ma'aikatan gandun daji na gundumarku, ku tambayi ko an buɗe farauta bana, da irin tsuntsun da aka yarda a harba. A wannan zamani na rashin tsaro, wanda aka gani da bindiga ba takarda, ba za a ɗauke shi maharbi ba.

To, wace bindiga? Bindigar toka, wadda ake ɗura ma albarushi ta baki, ba ta son ruwa. Albarushi ya jiƙe, ta ƙi tashi. In an cika mata ɗuri kuma, bakin ya fashe a hannun mai ita. Wadda ta dace ita ce mai lamba 12, mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a sa harsashi. Ta fi mai baki biyu araha, gyaranta ba wuya. In za ku saya, ku karya ta, ku leƙa cikin bakin a hasken rana. In kun ga tsatsa mai zurfi, ko kumburi, ko wurin da aka yi walda, ku bar ta. In an rufe ta tana girgiɗi, ku bar ta.

Harsashin agwagwa shi ne mai ƙananan ƙwayoyi, lamba 4 zuwa 6. Ƙarfinsa na kisa bai wuce mita 35 ba, wato taki arba'in da ƴan kai. In tsuntsu ya fi haka nisa, rauni kawai za ku yi masa, ya tafi ya mutu cikin ciyawa, ku yi asarar harsashi. Amma ƙwayoyin suna iya kai mita 200, kuma suna tsalle bisa ruwa. Tabki ba na maharbi kaɗai ba ne. Can gefe akwai makiyayi da shanunsa, da mata masu wanki, da mai ban-ruwan albasa. Kada ku harba sai kun ga abin da yake bayan tsuntsun.

Ƙwayar darma kuma guba ce. Wadda ta faɗi cikin laka, agwagi suna haɗiye ta kamar tsakuwa, su mutu. Don haka ƙasashen Tarayyar Turai suka hana harbi da ita a wuraren ruwa tun shekarar 2023. In kuna gyaran nama, ku fidda ƙwayar, ku yanke wurin da ta shiga.

Sai jirgi. Tabkunanmu ba su da zurfin kogin Kwara, laka da ciyawa suka fi yawa. Jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen gindi da faɗin ciki shi ya fi. Siriri ya fi gudu, amma bindiga tana bugun kafaɗa, in ta buge ku sai ya kife. Inji ba shi da amfani, ƙararsa korar tsuntsu take yi. Doguwar sandar tuƙi da filafili sun isa. Mutum biyu kawai za su shiga, mai tuƙi a baya, maharbi a gaba yana zaune. A shiga da bindiga a karye, a fita da ita a karye. Ku ɗaura jarka biyu marasa komi, masu murfi, cikin jirgin. In ya kife, su za ku riƙe.

Kada ku ɗauki agwagwar da kuka tarar matacciya ko tana layi. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya a shekarar 2006, kuma tana kama mutum. Ku sanar da likitan dabbobi.

A ƙarshe ku yi lissafi: takardu, bindiga, harsashi, jirgi. Agwagwa nawa za ta biya su, cikin ƴan watannin sanyi? In lissafi bai fita ba, ku sayi jirgin shi kaɗai da koma. Kamun kifi ma yana da takardarsa, amma koma ba ta harbin saniyar maƙwabci.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.