Hagu da dama a ma'aunin Tasawa

Rabon siyasa gida biyu, hagu da dama, a majalisar Faransa aka fara shi a 1789, inda masu goyon bayan sarki suka zauna dama ga shugaban zama, masu neman sauyi kuwa hagu. To amma da wannan ma'auni ya iso ƙasar Hausa, sai ya tarar da mutane da nasu mudun.

A duba zaɓen ƴan majalisa na 14 ga Disamba 1958. Sawaba ta Jibo Bakari, wadda ta ce a'a ga Janar De Gaulle a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, ta sami kujeru 11 cikin 60, a Tasawa da Damagaram. Daga baya aka soke sakamakon, aka miƙa kujerun Tasawa ga ɓangaren Jori Hamani, kuma a 1959 aka haramta jam'iyyar.

Su wa suka riƙe ta? Galibi ƙananan ƴan kasuwa ne, da direbobi, da maɗinka, da ƴan kamasho. A Amurka, mai tireda da ke kukan haraji da katsalandan ɗin hukuma ɗan dama ake ce masa. A Tasawa kuwa wannan kuka shi ya kai shi hagu, domin mai karɓar harajin shi ne dogarin sarki, bayansa kuma ga kumandan. Ba littafin Karl Marx ya ja shi ba. Ƙin wulaƙanci ne. Haka NEPU ta Malam Aminu Kano ta tara malamai da talakawa a ƙetaren iyaka, da hujjar adalci daga addini, alhali a Faransa hagu da coci sun daɗe ba sa ga maciji.

Shi ma dattijon ƙauyen Mayahi da ya bi sarkinsa ba a rasa masa dalili: a ganinsa biyayya da zumunci su ke riƙe gari ranar da gero ya ƙi.

Shugabanni ne dai ba su cika damuwa da wannan ba. PNDS-Tarayya mai kiran kanta ta gurguzu ta haɗa kai da CDS-Rahama a 1993 don kayar da MNSD-Nasara, a 1994 kuma ta koma wajen MNSD ɗin. A 2025 hukumomin soja suka rusa jam'iyyun gaba ɗaya.